Tafiyar da Sufyanu Bai Yi Ba

Shekarar da aka rufe iyaka, aikin Sufyanu ya tsaya cak. Da ma sana'arsa ɗaya ce: ya ɗaure kaya a bayan babur daga Illela ya kai Ƙwanni, ya ɗauro wasu ya dawo, wata ran har sau shida kafin la'asar. Da hanya ta toshe sai ya wayi gari ga babur, ga lafiya, ga ƙarfi, amma babu inda za a je. Abokan aikinsa wasu suka koma gona, wasu suka fara bin hanyoyin daji, wasu kuwa suka tattara 'yan komatsansu suka yi arewa neman abin da Allah zai ba su. Sufyanu bai yi ko ɗaya ba. Shi mutum ne mai tausayin jikinsa, ga shi kuma an sa masa rana da Mahbuba, 'yar Malam Maccido manomin albasa na Amarawa, saura wata biyu biki. Ya duba ya ga babu abin da zai raba shi da gida.

Ana cikin haka abokinsa Zakari ya sami aiki a Sakkwato, ya kawo masa ajiyar akwatin gem, na'urar wasan da ake jonawa da talabijin, da 'yar talabijin ɗinsa. Sufyanu ya shigar da su shagonsa na ƙofar gida, inda yake kwana, ya jawo waya daga solar maƙwabci ya jona, ya ce bari ya ɗan taɓa ya gani. Wannan 'yar taɓawar ce ta cinye masa mako biyu cur.

Wasan na wani mahayin doki ne da ke yawo a wata ƙasa mai faɗi, aikinsa ya yaƙi 'yan fashi. To, Sufyanu wajen faɗa ba ya taɓuka komai. A bakin wata gada guda aka kashe shi sau goma sha ɗaya, kuma kullum mutum ɗaya ne ke kashe shi, wani gajere mai gatari. A karo na goma sha biyu, cikin haushi, ya matse maɓallai biyu tare, sai komai ya tsaya. Gatarin ya tsaya a sama. Wani ganye da iska ta ɗauko ya tsaya daidai hancin doki. Ruwan da ke gudu ƙarƙashin gadar ya daskare da kumfarsa. Sufyanu ya zaci ya lalata wa Zakari kaya. Da ya motsa ɗan ƙullutun da ke ƙarƙashin babban yatsansa sai ya ga idon kyamara ne ke yawo. Yana iya hawa sama, yana iya saukowa har cikin ciyawa, yana iya zagayawa bayan gajeren ya ƙare wa ƙeyarsa kallo. Ashe waɗanda suka ƙirƙiri wasan sun yi wannan ne musamman don ɗaukar hoto.

Daga ranar ya sallami 'yan fashi, suka ci gaba da fashinsu ba mai hana su. Shi dai ya hau doki ya yi ta yawo yana neman wuri mai kyau, in ya samu ya tsayar da duniya ya zauna gyara. Ya gano yadda ake jan rana a kai ta faɗuwa ko a dawo da ita hantsi, yadda ake tara girgije, yadda ake sa abin da ke nesa ya yi dishi-dishi, na kusa ya fito tar. Ya gano har da yadda ake ɗauke mahayin da dokinsa gaba ɗaya, a bar wurin shi kaɗai. Ya ɗauki dutse mai farar ƙanƙara a ka. Ya ɗauki daji mai jajayen ganyaye. Ya ɗauki teku da ƙananan jiragen masunta, rana tana nutsewa a bayansu. Mutumin da bai taɓa wuce Tawa ta arewa ba, bai taɓa wuce Sakkwato ta kudu ba, sai ga shi yana ɓata rabin yini yana gardama da kansa kan inda ya dace inuwar bishiya ta faɗa.

Abu mai kyau kuwa ba ya zama a ɗaki. Sufyanu ya fara tura hotunan zuwa wayarsa yana sawa a sitatus, ɗaya da safe, ɗaya da yamma, ba tare da ya rubuta komai a ƙasa ba.

Mahbuba ta san gaskiya tun ranar farko. Tela ce, tana ɗinkin kayan mata a cikin gidansu, kuma Allah ya ba ta ido. Ita ce ke duba masa hotunan kafin ya saki.

“Yaya Sufyanu, dutsen ga ya zauna tsakiya awa ango,” in ji ta a waya. “Matsa da shi gehe, ka bar ma ruwa wuri.”

Ya matsa da shi, ya ga lalle ta fi shi gaskiya, amma bai faɗa mata ba.

Sauran jama'a kuwa ba su san komai ba. 'Yan unguwarsu da ke ganinsa a ɗan masallacin kan kwana ba su damu ba. Amma abokansa na Ƙwanni, da na Amarawa, da na Tozai, waɗanda rabonsu da shi tun da aka rufe hanya, sai suka yi ca a kansa. Wannan ya ce, “Kai, ina ne nan?” Wancan ya ce, “Aljeriya ce ko ka wuce?” Wani ɗan canji na Ƙwanni ya rubuto, “Maigida, ashe ka ƙetare! Ka tuna da mu.” Har da mai neman tsarabar rigar sanyi, ya faɗi launin da yake so. Kowa ya tambaya, Sufyanu sai ya tura masa 'yar fuskar nan mai murmushi kawai. Ƙarya dai bai yi ba. Haka ya riƙa gaya wa kansa, yana jin wani daɗi yana ratsa shi har tafin ƙafa.

“Mutane na tambayata ina kat tahi,” Mahbuba ta ce masa wata ran. “Ka hwaɗa musu gem ne mana.”

“Bar su su yi ta yi. Mi zai hwaru?”

Akwai wani abu da ya sa a gaba tun da aka sa rana. Kowace Jumma'a in an sauko masallaci yakan hau babur ya je Amarawa ya gai da surukinsa. Gaisuwar ba ta da tsawo. Zai cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa can gefen tabarma, ya yi gaisuwa kansa a ƙasa, Malam Maccido ya amsa yana kallon wani wuri dabam, kamar yadda ya dace tsakanin surukai. Minti biyar an gama. Amma minti biyar ɗin nan ita ce shaidar cewa yaro yana nan, kuma ya san girman manya. Jumma'a ta farko Sufyanu yana can yana bin wani ruwa mai zubowa daga tsauni, yana neman inda bakan gizo zai fito, bai ankara ba sai da aka kira la'asar. Ta biyu kuwa tsawa yake jira ta faɗo a kan wata bishiya ya tsayar da ita a sama. Ya samu tsawar, hoton ma ya yi kyau ƙwarai, sai dai bai je Amarawa ba.

Sauran labarin daga baya ya ji shi. A majalisar ƙofar masallacin Amarawa wani mai sayar da taki ya miƙa wa Malam Maccido wayarsa, yana washe baki.

“Malam, ashe surukinka ya ƙetare? Dubi inda yas samu kainai.”

Malam Maccido ya karɓa ya duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a kan na teku, ya mayar wa mai waya wayarsa. Shi ba mutum ne mai yanke hukunci da jita-jita ba. Ranar Litinin ya tashi ƙanwarsa, Gwaggo Hadijatu, ya ce ta je Illela ta ji daga bakin uwar yaro.

Gwaggo Hadijatu ta iso da zafin azahar. A zaure ta ci karo da babur ɗin Sufyanu an lulluɓe shi da tamfal, an ɗaure tamau, ta ce a ranta wannan kam ɗaurin mai doguwar tafiya ne. Ta wuce ƙofar shagonsa a rufe. Taku huɗu ne tsakaninta da shi, yana ciki ya toshe kunnuwa da abin ji, yana lallaɓa wata barewa a bakin rafi. Ta shiga cikin gida ta tarar da mahaifiyarsa, Inna Shafa'atu, tana tsince shinkafa. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da gona da damina, aka sha ruwa. Sannan Gwaggo ta gyara zama.

“Ina yaronmu? Kwana biyu ba mu gane shi ba.”

To, Sufyanu ɗan fari ne. Shekara ashirin da bakwai Inna Shafa'atu ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa nuna a gaban mutane cewa ta san ya ci ko bai ci ba. Yau kuma ga dangin matar da zai aura a zaune a gabanta. In akwai ranar da za ta nuna ita 'yar gidan mutunci ce, to yau ce. Ta sunkuyar da kai cikin faifai.

“Wa? Wancan? Ni ina nis san shiga da hitatai? Ai ku ad da shi.”

“An ce muna ya yi tahiya.”

“To, in ya yi, Allah shi kai shi lahiya.”

Da a wata rana ce, Gwaggo Hadijatu da ta gane kunya ce kawai, don ita kanta har gobe ba ta kiran sunan nata ɗan farin. Amma ta zo da teku da ƙanƙara a cikin kanta, ga babur a lulluɓe, ga ƙofa a rufe. Ta tashi ta yi sallama. Inna Shafa'atu ta raka ta har bakin zaure, ta dawo tana yaba kanta a zuci kan yadda ta fita kunyar surukai.

Ranar Laraba da hantsi wayar Sufyanu ta yi ƙara. Ya ɗauka da fara'arsa, don yana da sabon hoton wata gonar furanni da yake son ta duba. Muryar Mahbuba ta hana shi ko ambatawa.

“Baba ya ce ran Jumma'a zai aika gidanku a ce an hwasa.”

“A hwasa mi?”

“Bikin. Ya ce ba shi ba da ɗiyatai ga wanda ka tashi shi bar gari ba bankwana.”

Sufyanu ya miƙe tsaye har ya taka wayar sola, talabijin ta ɗauke.

“Wane gari nib bari? Ga ni cikin shago! Ba ki hwaɗa mai gem ne ba?”

“Ni? In buɗe bakina gaban Baba in yi maganarka? Kana da hankali kuwa? Innata nih hwaɗa ma, ita ta hwaɗa mai, yac ce ɗiya ce ka ruhwa ma saurayinta asiri. Kuma Gwaggo ta je gidanku, innarka da bakinta tac ce Allah shi kai ka lahiya.”

“To bari in zo yanzu shi gan ni da idonai.”

“Sai shi ce ka dawo. Ba tahiyar ad damuwatai ba, rashin bankwanar ne. Ga hotuna kowa ya gani, an tambaye ka kana murmushi.” Ya ji tana jan hanci. “Ni dai na hwaɗa maka tun hwarko.”

Ta kashe wayar. Sufyanu ya zauna bakin katifa, tsoro ya kama shi sosai. Shekara uku yana zirga-zirgar Amarawa kafin a ba shi Mahbuba, kuma yana sonta son da ko a gaban Zakari ba ya iya faɗa. Yanzu ga shi zai rasa ta saboda tafiyar da ko ƙofar gida bai fita ba. Ya kalli akwatin gem ɗin, ya ji kamar ya ɗaga shi ya maka da bango, sai ya tuna ba nasa ba ne. Can kuma ya ga ai babu mai fitar da shi sai akwatin. In baki bai isa ba, to sai a kai wa Malam Maccido ƙasar gaba ɗaya ya gani da idonsa.

Nan fa aka zo fagensa. Faɗa da 'yan fashi bai iya ba, amma ɗaurin kaya a babur duk tashar Illela an san shi. Ya yaye tamfal. Ya aro ƙaramin janareta wurin mai aski ya ɗora a kan tanki. Ya naɗe talabijin da bargo ya kafa ta a baya tsakanin filo biyu, ya sa akwatin gem a buhun shinkafa ya rataya, ya bi duka da roba ya ɗaure har sai da ya girgiza babur ɗin bai ji ko ƙwas ba. Yana turawa waje Inna Shafa'atu ta leƙo zaure.

“Inna, mi kunka hwaɗa ma Gwaggo Hadijatu?”

“Abin da ad daidai.”

Ya ba ta labari a gurguje. Ta dafe ƙirji, ta buɗe baki, har ya zaci yau za ta kira sunansa. Ba ta kira ba. Ta juya ta fuskanci bango, ta ce wa bangon Allah ya ba da sa'a.

Bayan la'asar ya isa Amarawa. Malam Maccido na zaune a ƙofar gida ƙarƙashin darbejiya, yana ɗaure wani tiyon ban ruwa da ya tsage, dattawa biyu na taya shi hira. Sufyanu ya kafe babur can nesa, ya cire takalmi, ya zo ya durƙusa. Ya yi gaisuwa, aka amsa masa a gajarce.

“An dawo?” in ji Malam Maccido, yana kallon tiyo.

“Baba, ban tahi ko'ina ba.”

Suruki ba ya musu da suruki, don haka Sufyanu bai ƙara ba. Ya dai roƙi arziki a ba shi izini ya nuna wani abu a zaure. Ɗaya daga cikin dattawan, wanda son ganin ƙwaƙwaf ya hana shi zama, ya ce ai babu laifi a duba. Malam Maccido ya ɗaga kafaɗa.

Janaretan mai aski ya zaɓi wannan lokacin ya nuna halinsa. Sufyanu ya ja igiya sau ɗaya, ya yi tari ya mutu. Ya ja sau biyu, sau biyar, gumi na zuba har cikin idonsa, dattawa na ba shi shawarwari masu karo da juna. A na bakwai ya tashi da hayaƙi. Aka shiga zaure aka zauna. Gwaggo Hadijatu ta tsaya a ƙofar cikin gida da mayafinta, bayan labulen kuwa akwai ƙafafu biyu masu lalle da Sufyanu ya gane, ya yi kamar bai gani ba.

Ya kunna. Mahayin doki ya bayyana a kan wata hanya. Ya nufi dutsen nan mai ƙanƙara, wanda kowa ya gani a waya, amma bai yi nisa ba 'yan fashi uku suka fito daga daji suka tare shi.

“Kai, gudu!” in ji dattijon nan mai son ganin ƙwaƙwaf. “Bi ta hagu! Ta hagu nic ce!”

Sufyanu ya bi ta hagu ya tsira da ƙyar. Ya hau tudu, ga dutsen ya fito, ga tabki a gindinsa. Ya matse maɓallan, komai ya tsaya, har tsuntsayen da ke sama. Ya ɗauke mahayi da doki. Ya matsa da dutsen gefe ya bar wa ruwa wuri. Sannan ya fito da wayarsa ya ajiye kusa da talabijin, hoto ya zama ɗaya sak.

“La'ilaha illallahu,” in ji Gwaggo Hadijatu. “Ashe ina wuce ƙohwar shago kana ciki kana wanga aiki?”

“Ina ciki, Gwaggo.”

Malam Maccido ya matso da tabarmarsa. Ya sa aka kai shi dajin jajayen ganye, aka kai shi. Ya sa aka kai shi teku, aka kai shi. Ya ce a mayar da rana baya ya gani, Sufyanu ya ja ta daga faɗuwa zuwa hantsi, inuwoyi suka juya suka koma ɗaya gefen. Da suka bi ta wata fadama ya ce a tsaya, a sauko da kyamarar ƙasa. Ya ƙura wa wurin ido.

“Ƙasag ga baƙa ce,” ya ce. “Za ta yi albasa.”

Dattawa suka yi dariya, Sufyanu ma ya ɗan saki jiki. Sai Malam Maccido ya ce a kashe injin. Zauren ya yi tsit. Dattawan suka fahimci an zo maganar gida, suka tashi suka koma gindin darbejiya.

“Mutane sun tambaye ka,” in ji Malam Maccido. “Mi ya hana ka ce musu wasa ne?”

Sufyanu ya shirya amsoshi da yawa a hanya, duk suka gudu. Abin da ya rage masa gaskiya ce kawai.

“Daɗi nij ji, Baba. Kowa na tahiya, ni ina zaune ba aiki. Da sunka zaci ni ma na je wani wuri, sai nij ji daɗi.”

Malam Maccido ya sa hannu a aljihun gaba ya fito da wata tsohuwar waya da aka ɗaure bayanta da kyauro. Ya daɗe yana dannawa da yatsa ɗaya kafin ya samu abin da yake nema, ya miƙo.

Hoton wani saurayi ne siriri cikin jar rigar sanyi, a tsaye a bakin teku, ya ɗan runtse ido. Sufyanu bai taɓa ganin hoton ba, amma ya gane fuskar, don hancin na Mahbuba ne. Yayanta ne, Abdulmalik. Shekara shida da suka wuce ya fita da safe ya ce zai je kasuwa, bai dawo ba. Bayan wata huɗu wannan hoton ya iso, daga shi kuma ba a sake jin komai ba. Duk Amarawa an san labarin, Sufyanu ma ya sani. Sai dai a gidan ba a zancen, shi kuma a mako biyun nan ko sau ɗaya bai tuna ba. Kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa idonsa.

“Tunda kai ka san aikin ga,” in ji Malam Maccido, muryarsa ƙasa-ƙasa, “duba man. Wanga na gaskiya ne, ko shi ma haɗa shi anka yi?”

Sufyanu ya karɓa da hannu biyu. Ya duba shi da irin kallon da ya koya a shago. Tekun ya karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu. Rana tana bayan saurayin, ta sa fuskarsa ta yi duhu. A kan yashi ga leda baƙa, ga robar ruwa a murɗe. A kusurwar sama kuma ga wani abu ja-ja, dishi-dishi, ya ci ɗan gefen hoton. Wanda ya zauna ya tsara hoto ba zai bar ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

“Na gaskiya ne, Baba.”

“Ka tabbata? Kada ka hwaɗa don ka hwaranta man.”

“Na tabbata. Cikin gem ba a barin leda bakin ruwa. Kuma ku dubi nan sama, yatsan mutum ne. Wani ne yar riƙe wayar yaɗ ɗauke shi, hannunai ma ya karkace.”

Malam Maccido ya karɓi wayar ya kai ta kusa da idonsa. Ya daɗe yana kallon wannan kusurwar.

“Shekara shidda ina kallon hoton ga, ban taɓa lura da yatsan ba,” ya ce. “To, ya kai bakin ruwan ke nan. Kuma ba shi ɗai ba ne, akwai wanda yar riƙe mai waya.”

A ƙofar cikin gida Gwaggo Hadijatu ta ja mayafi ta rufe fuska. Ƙafafun da ke bayan labule suka juya suka shige da sauri. Malam Maccido ya mayar da wayar aljihu, ya dafa ta daga waje, ya yi gyaran murya.

“Hadijatu, maganar aiken Jumma'a a bar ta.”

Ya tashi ya koma wurin tiyonsa. Sufyanu ya kwashe kaya, ya naɗe talabijin, ya ɗora janareta, ya ɗaure komai yadda ya zo da shi. Ya hau ya tayar da babur, har ya sa giya. Sai ya kashe. Ya sauko, ya cire takalmi, ya taka ya koma gefen tabarma ya durƙusa.

“Baba, za ni koma Illela.”

Tsakanin Amarawa da Illela tafiyar 'yan mintoci ce, dattawan nan biyu har sun fara murmushi. Malam Maccido bai yi murmushi ba. Ya ajiye tiyon, ya ɗago, karo na farko tun da aka sa rana ya dubi surukinsa ido cikin ido.

“Allah shi kiyaye hanya. In ka isa, ka kira.”

Sufyanu ya isa gida rana ba ta faɗi ba. Bai kwance kaya ba, bai ko sauka daga kan babur ba. Ya ciro waya ya nemo lambar Malam Maccido, wadda ta shekara a ciki bai taɓa samun ƙarfin halin kira ba, ya danna. Ba ta gama ƙara ɗaya ba aka ɗauka.